A-kori-kurar Madam Lin

Tun da na dawo daga Chana ban huta ba. Duk wanda ya shigo shagona a Ƙofar Ruwa, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi sai ya ce, "Alhaji Garba, wai da gaske kai ne a bidiyon nan da hular kwano?" Ni ne. Na ba da labarin a shago, na bayar a ƙofar masallaci, na bayar a wurin ɗaurin aure, kuma kullum sai wani ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya har ji na yi ana cewa na ciyo kofin ƙasar Sin gaba ɗaya. Ban ci kofin kowa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda aka yi, tun daga tushe.

Waɗanda suka san ni tun da can sun san ba a shago na fara ba. Shekara goma sha huɗu na yi ina jan a-kori-kura, ina ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa 'Yankaba. Daga baya Allah ya buɗa, na koma sayar da kayan gyaran mota, kuma fiye da rabin cinikina na birki ne. Bara na yi odar fad ta waya, wato ɗan ƙarfen nan mai fata da ke damƙe farantin taya idan an taka birki. Ban ga kamfanin ba, hoto kawai aka turo mini. A cikin waɗanda suka saya akwai Malam Habu, direban da ke ɗauko doya, mutumin da ya shekara goma ba ya sayen kaya a wurin kowa sai ni. A gangaren Hawan Kibo birkin ya yi zafi ya saki. Allah ya sa ya samu tudun ƙasa ya kara wa motar, ya tsira da karayar hannu. Da ya samu sauƙi ya zo shago da hannu a rataye, ya ajiye mini ƙonannen fad ɗin a kan tebur, ya gaishe ni, ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A ranar na kwashe ragowar kayan daga kanta, na kuma yi alkawari tsakanina da Allah ba zan ƙara sayar da birkin da ban taka da ƙafata ba. Abin da ya kai ni Guangzhou ke nan, ina da shekara hamsin da uku, ban taɓa wuce Saudiyya ba.

Daga Kano muka sauka Addis Ababa, muka yi zaman jiran da har sai da na haddace shagunan filin jirgin, sannan muka hau wani jirgin da ya yi ta tafiya kamar ba zai sauka ba. Da muka isa ƙafafuna sun kumbura, takalmina ya ƙi shiga, haka na taka bayansa na bi layi. Jami'in shige da fice ya kalli fasfo ya kalle ni, ya sake kallon fasfo, ya tambayi takardar gayyata. Na ba shi. Aka ɗauki hoton yatsuna goma, ya buga hatimi. Na ce alhamdu lillahi an wuce wurin.

Ashe da saura. Ina tura jakata sai wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya shinshina ta, ya zauna a gefenta. Ko haushi bai yi ba, zama kawai ya yi kamar wanda ya zo gaisuwa. Aka ce in buɗe. Kilishi ne maiɗakina ta ƙunsa mini a takarda uku, tsarabar wanda zai tarbe ni. Wata jami'a ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta girgiza kai, ta sa a wani kwandon ƙarfe mai murfi. A can ba a shiga da nama ko busasshe ne, kuma babu zancen a yi haƙuri Hajiya. Na buɗe baki zan roƙa, na tuna ba gida nake ba, na rufe.

Wanda ya tarbe ni shi ne Malam Isufu, mutumin Maraɗi, wanda ya shekara goma sha ɗaya a garin yana haɗa 'yan kasuwarmu da kamfanoni, yana kuma yi musu tafinta. Siriri ne, mai saurin tafiya, yana jin yarensu kamar a can aka haife shi. Da na gaya masa abin da ya samu kilishinsa sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Alhaji, mi kake hwaɗi? Na Kano? Mai yaji?"

"Mai yaji, mai ƙuli."

"Wayyo. Bon, mu tahi. Amma karen nan ni da shi sai a Lahira."

A unguwar Sanyuanli ya kama mini masauki. Ɗakin da ƙyar ya ɗauki gado da darduma, idan ka buɗe taga bangon maƙwabta za ka taɓa da hannu. Amma akwai tsabta, akwai butar dafa ruwa, kuma matar da ke kula da wurin duk fitar da zan yi sai ta ce, "Ni hawo, laban," wato sannu maigida. Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu ƙuna yake, nasu jiƙa mutum yake, ka yi wanka ka fito ka ga kamar ba ka goge jiki ba. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne kana tafiya a lungu sai ka ji an ce, "Kai, Bala, kwantenar ta tashi?" Hausa ce tsantsa, ta Kano da ta Yamai da ta Kumasi duk a wuri guda. Abinci kuwa akwai Musulmin ƙasar masu fararen huluna da ke murza taliya da hannu a gabanka, su zuba mata romon naman sa. Taliyar ta yi mini daɗi, tsinkayen cin ta ne suka wulaƙanta ni. Kwana biyu ina fama, taliya tana zamewa tana fallatsa mini romo a gaban riga, har mai shagon ya ji tausayina ya kawo mini cokali mai yatsu ba tare da na tambaya ba.

Kwana uku muka yi muna zaga baje kolin Pazhou. Ba zan iya kwatanta girman wurin ba, abin da zan ce kawai shi ne ranar farko na yi bororo a ƙafa. Duk rumfar masu birki da muka tsaya magana ɗaya ce: nasu ya fi na kowa. Sai in ce wa Isufu ya tambaya ko za su ɗaura shi a mota in taka in ji. Sai a yi dariya a ce, "Meyo," wato babu. Wasu su nuna mini takardu masu tambari. Ni kuwa wancan da ya kusa kashe Malam Habu ma da takardunsa ya zo.

Ran nan da yamma, na gaji har na fara tunanin ko na yi zuwan banza, muka tsaya a wata ƙaramar rumfa a kusurwa. Wani dattijo ne tsaye cikin kwat, ga kuma wata 'yar gajeriyar mata zaune a kan kwali tana cin lemo. Na nufi dattijon da "Ni hawo, laban," na yi ta zuba masa bayani Isufu yana fassarawa, shi kuma yana ta gyaɗa kai. Sai da na gama kaf sannan ya nuna matar da hannu biyu.

Isufu ya ce, "Alhaji, ya ce shi mijinta ne kawai. Ita ce laban."

Sunanta Madam Lin, mijin kuma Mista Wu. Za ta kai shekara sittin. Ta goge hannu ta tambayi dalilin da ya sa na nace sai na taka. Na ciro ƙonannen fad ɗin Malam Habu daga aljihu, don tun daga Kano nake yawo da shi, na ba ta labarin. Ta karɓa ta shinshina, ta kankare shi da ɗan makulli, garinsa ya zubo. Ta yi wata magana a fusace.

"Ta ce wanda ya ƙera wanga, kamata ya yi a ɗaure shi gaban motar a sake ta a gangare."

Na ce, "Gaya mata ni da ita mun zo ɗaya."

Sai ta ciro waya ta nuna mini bidiyon wata shuɗiyar a-kori-kura tana shan kwana tsakanin jajayen robobin nan masu tsini da ake jerawa a titi, taya na hayaƙi. Ta nuna ƙirjinta, wato ita ce ke tuƙin. Ta ce duk ƙarshen mako da ta samu sarari can take zuwa, kuma da birkin kamfaninta take tseren, ba ta sa na kowa. Idan da gaske nake, in zo ran Asabar in taka da kaina.

Ran Juma'a bayan mun sauko daga masallaci muka je kamfanin nata a bayan gari. Ba babba ba ne. Ta kai ni ɗakin ajiya ta ce in zaɓi kwalin da na ga dama. Na ratsa can ciki na jawo na ƙasa, na buɗe na ɗauki saiti ɗaya, na rubuta sunana da ajami a bayan kowanne. A gabana makanikenta ya kwance tayoyin shuɗiyar motar nan ya ɗaura su. Daga nan ta kai mu gidan abincin Musulmi. Aka kawo kofuna da kwanoni da butar shayi. Na ga an zuba mini shayi a kwano, ga ƙishi, na yi bisimilla na shanye. Sai na ga Isufu ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Ashe a al'adarsu shayin farko na ɗauraye kwano ne da tsinkaye, a zubar a wata roba da ke tsakiyar tebur. Ruwan wanke-wanke na sha. Kafin kunya ta gama rufe ni, Mista Wu ya ɗaga nasa kwanon ya kwankwaɗe, ya ajiye, ya ce ai haka ya fi daɗi. Tun daga lokacin mutumin ya shiga raina.

Ran Asabar da safe muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Nansha, muka ƙarasa a tasi. Wani makeken fili ne mai kwalta kusa da tashar jiragen ruwa, kana hango injinan ɗaga kwantena. An jera robobin sun yi hanya mai lanƙwasa kamar maciji. Mutane sun kafa rumfuna, wasu da matansu da 'ya'yansu, da tukwanen shayi, kai ka ce yawon shan iska suka zo. Yawancin motocin ƙanana ne masu jan ciki a ƙasa. A-kori-kura biyar ce kawai, kuma masu ƙananan motocin kallon tausayi suke musu, irin kallon da mai doki ke yi wa mai jaki.

Da na zagaya motar Madam Lin na duba ta da kyau sai na ji wani iri. Mu a gida idan ka samu a-kori-kura sifirin za ka ƙara mata a baya, ka ɗaga ta don ta ɗauki kaya. Ita wannan sauke ta aka yi ƙasa, aka sa mata faffaɗan tayoyi, aka taɓa injin har idan ya tashi kana jin sa a ƙirjinka. Bodinta na baya fes, ko ƙwarzane babu. Na tambaya ko ta taɓa ɗaukar kaya. Madam ta ce tayoyinta na canji kawai. Na ce a raina, Allah mai iko, wata motar an haife ta ne don wahala, wata don wasa.

Tsarin wasan mai sauƙi ne. Ba a haɗa motoci a yi rige-rige, ɗaya bayan ɗaya ake saki, agogo ne alƙali. Duk robar da ka ture a ƙara maka daƙiƙa biyu. Idan ka ɓata hanya zagayen ya tashi a banza. Ni ba ni da lasin ɗin ƙasarsu, ba ni da ikon hawa titi, amma da yake filin a killace yake sai suka duba nawa na gida, na sa hannu a takarda. Aka ba ni hular kwano. Na yi ƙoƙarin ɗora ta a kan hulata zanna ta ƙi, dole na cire na ba Isufu ajiya. Na tattare kaftanina na cusa a wando.

Madam ta ce in fara zama a gefenta in ga hanya. Sai da ta ɗora matashi a kujera sannan ta iya hango gaba. Na ce a raina wannan 'yar tsohuwar me za ta yi. Aka ɗaga tuta. Jama'a, ban san lokacin da na fara salati ba. Kaina ya bugu da kujera, robobi suna zuwa suna wucewa, ta nufi kwana kamar ba ta gan ta ba, sai da na sallama sannan ta taka birki, bel ya shaƙe ni, motar ta juya. Ita kuwa fuskarta kamar mai tankaɗe. Da muka tsaya Isufu ya ce tun daga rumfa yana jiyo kalmar shahadata.

Sai aka ce saura ni. Zagayen farko abin kunya ne, ba zan ɓoye ba. Daga cikin mota robobin duk iri ɗaya ne, ja ko'ina. Na danna totur da ƙarfi, bayan motar ya fizge saboda ba kaya a kansa, na ruɗe na bi ta inda ba hanya ba, na kwashe robobi huɗu. Ɗaya ta maƙale a ƙarƙashin mota. Wani tsoho mai hular kaba, ɗaya daga cikin masu tsayawa a gefen fili suna mayar da robobin da aka ture, shi ya zo ya kwanta a kan kwalta mai zafi ya zaro ta. Na ji ana dariya a rumfuna. Zagaye na biyu ban ɓata ba, amma na ture biyu, kuma lokacina ya fi na kowa muni.

Madam ta zo ta leƙo ta taga, Isufu na bayanta.

"Ta ce kokawa kake da motar. Ta ce wai da gaske ka taɓa zama direba?"

Maganar ta sosa ni. Na ce, "Gaya mata shekara goma sha huɗu."

"Ta ce mi kake ɗauka?"

"Tumatir."

Sannan ta tambaya, da haka nake fizgar sitiyari da tumatir a baya? Ta juya ta tafi abinta.

Na zauna a motar ina huci, amma na san gaskiya ta faɗa. Mai ɗaukar tumatir dole ya yi gudu don ya riski kasuwa kafin rana ta yi, kuma dole ya lallaɓa don kada ya kai ruwa a kwando. Maigidana da ya koya mini mota, Allah ya jiƙansa, idan na taka birki a tsakiyar kwana sai ya ɗaka mini duka a cinya. Cewa yake ka gama birkinka tun mota tana miƙe, ka shiga kwana da hannu mai taushi, ka fita da wuta. Na san wannan tun ina saurayi. Ganin mutane da ƙarar inji ne suka sa na manta.

Muka yi sallar Azahar ni da Isufu a inuwar motar, Mista Wu ya shimfiɗa mana kwali ya tsaya yana kare mu daga masu wucewa. Da aka dawo na shiga zagaye na uku na ƙudurta kwando arba'in ne a bayana. Ban ture ko ɗaya ba. Da na fito na ga masu rumfar kusa da mu sun daina dariya, wani ma ya ɗaga mini babban yatsa.

Ku tuna mu uku ne muke karɓa-karɓa da motar nan tun safe, ni da Madam da mijinta. Kafin zagayena na huɗu birkin ya yi zafin da idan ka matso kusa da taya kana jin hucinsa da ƙaurinsa. Irin wannan zafin ne ke nuna birkin gaskiya da na ƙarya.

Aka sake ni. Komai ya zauna mini daidai, hannuna da motar suka zama abu ɗaya. Akwai wuri guda a filin da hanya ke miƙewa kafin wata matsattsiyar kwana, nan ne kowa ke buɗe wuta. Na buɗe. Ashe motar da ta riga ni ta ture roba a bakin kwanar, tsohon nan mai hular kaba ya rugo ya gyara, yana ganin zai riga ni. Ya ɗauki robar, ya juya zai koma, ƙafarsa ta zame a kan yashi. Ya faɗi a tsakiyar hanyata. Mai jar tutar da ya kamata ya tsayar da ni kuwa hankalinsa na wani wajen.

Ban yi tunanin komai ba. Na san dai idan na karkata sitiyari bayan motar zai juyo ya share shi. Na riƙe ta a miƙe, na sa ƙafa na taka da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Birkin ya riƙa harbin tafin ƙafata, tayoyi suna kuka, ina ganin tsohon yana ƙara girma a gilashi, ya ɗaga hannu ɗaya ya kare fuskarsa. Na ce, "Ya Allah!" Motar ta tsaya.

Na fito na zagaya gaban motar. Tsakanin bambar motar da tsohon bai kai taku biyu ba. Yana zaune a ƙasa da robar a ƙanƙame a ƙirji, hularsa ta yi gefe. Na ɗago shi, na kakkaɓe masa wando. Gwiwar hannunsa ce kawai ta ɗan goge. Ya riƙe hannuna yana ta faɗin "shiye-shiye", wato na gode.

Nan da nan fili ya cika. Shugaban masu shirya wasan ya zo yana yi wa tsohon faɗa a gaban kowa, yana nuna masa ƙofa. Tsohon ya sunkuyar da kai. Na tambayi Isufu me ake cewa.

"Ya ce ya karya doka, ya tahi gida, kada ya sake zuwa."

"Ma'aikacinsu ne?"

Isufu ya tambaya. Ashe ba biyansa ake ba. Tsohon direban tirela ne a tashar, ya yi ritaya, matarsa ta rasu, zuwa yake duk mako don ya ji ƙarar inji ya ga mutane.

Na ce, "Malam Isufu, fassara masa daidai, kada ka rage. Ka ce ni ne a cikin motar, kuma ni ban riƙe shi da komai ba. Ka ce da safe da na yi ɓarna, dattijon nan ne ya kwanta a ƙasa ya gyara, bai ɓata fuska ba. Idan laifi ake nema, mai tuta ma bai ɗaga ba. Idan an kore shi, ni ma na gama."

Shugaban ya kalle ni, ya kalli Madam Lin. Ita kuma ta harɗe hannu ta faɗi kalma biyu ko uku. Ban san me ta ce ba, Isufu ma ya ƙi fassarawa, amma mutumin ya sauke murya. Aka ce tsohon ya koma wurinsa, da sharaɗin ba zai ƙara shiga fili ba sai an tsayar da mota.

Madam ta sa aka ɗaga motar aka cire tayar gaba. Ta haska mini da fitilar waya. Ga fad ɗin nan, ga rubutuna na ajami ya yi baƙi don zafi amma ana karanta shi, fatar lafiya lau, ko tsagewa babu. Na miƙa mata hannu biyu a haɗe daga nesa irin gaisuwarsu, ta mayar mini. Cinikinmu da ita a nan ya ƙullu, sauran duk cike takardu ne.

Sai aka zo aka ce tunda ba laifina ba ne ya katse zagayen, doka ta ba ni damar sakewa. Na ce a'a, na gode, abin da ya kawo ni na samu. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Madam ta ɗauko hular kwanon ta dangwara mini a hannu. Ta ce direban da ya sauka a kan tsoro, da tsoron zai koma gida.

Na shiga. Na bi kwanonin farko lafiya. Da na fito miƙaƙƙiyar hanyar nan sai na ji ƙafata tana ɗagawa daga totur da kanta, idona na neman mutum a ƙasa. Sai na hango shi. Yana tsaye can bayan shinge, ya cire hular kabar yana juya ta a sama, yana tsalle kamar ba shi ne ya faɗi ɗazu ba, yana ƙwala ihu, "Jiya-yo! Jiya-yo!" Tun safe nake jin kalmar a bakin 'yan kallo, kuma Isufu ya gaya mini ma'anarta a yarensu: ƙara mai. To wane direba ne bai san wannan ba? Na danna. Na kai har inda Madam ke kaiwa kafin na taka birki, motar ta zauna, ta juya, na fita da wuta. Ban taɓa roba ko ɗaya ba.

Wannan zagayen ne Mista Wu ya ɗauka a waya, shi ne bidiyon da kuke gani. A cikin a-kori-kura biyar, mu direbobi bakwai, na zo na uku. Madam Lin ce ta ɗaya, ta ba ni tazarar da ko a mafarki ba zan cike ba. Amma na wuce mijinta, na kuma wuce wasu daga cikin masu ƙananan motocin nan. Da aka kira sunana a lasifika, "Gaaba, Nijiriya," mutanen da suka yi mini dariya da safe suka tashi suna tafi. Madam ta ce wa mijinta daga yau aikinsa ɗaukar taya, shi kuwa ya fi kowa murna, ya rungume ni har yana taka mini ƙafa. Tsohon ya zo muka yi hoto, kansa bai wuce kafaɗata ba.

A jirgin komawa Sanyuanli na samu kujera na zauna. Isufu ya miƙo mini zannata.

"Alhaji, tsakani da Allah, ka ji tsoro?"

"Na ji, Malam Isufu. Ban taɓa jin irinsa ba."

"To mi ya sa da ka zo wurin ba ka sassauta ba? Ni ina kallo, ƙara wuta ka yi."

Na gyara zaman hulata. Na ce, "Dattijo ne ya ce in ƙara mai. Mu a garinmu ba a musu da manya."